Waiwaye: Yadda aka daɗe kafin a kula gajiyar masu cutar MS

A shekarar 1868 ne likita Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière da ke birnin Paris ya yi bayani dalla-dalla a kan cutar jijiyoyi da ake kira multiple sclerosis (MS) a yau. Garkuwar jiki ce ke far wa kitsen da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta cinye shi kamar yadda ɓera ke gwaguyar robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa wucewa da ƙyar. Alamomin da Charcot ya fi kafa hujja da su duk na gani da ido ne: karkarwar hannu idan za a ɗauki abu, rawar ƙwayar ido, da magana mai fita gaɓa-gaɓa. Gajiya kuwa ba a ganinta, don haka ta yi sama da shekara ɗari tana jiran layi.

Zafi ne aka fara ganowa. A 1890 likitan ido Wilhelm Uhthoff na Jamus ya lura ganin wasu majinyata na dushewa bayan sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumamar jikin ce sanadi. Har ta kai a ƙarni na 20 ana tsoma mutum cikin bahon ruwan zafi don a ga ko alamominsa za su tsananta, dabarar da aka watsar bayan zuwan MRI, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da sauran cikin jiki, a shekarun 1980. Amma darasin da aka ɗauka ya zo a karkace, domin sai aka riƙa ce wa majinyaci ya kwanta ya huta, kada ya kuskura ya yi gumi.

Ko ma'aunin naƙasa da John Kurtzke ya fitar a 1983, mai maki daga 0 zuwa 10, tafiyar ƙafa ya fi dubawa. Mace na iya shiga ɗakin likita da ƙafarta ta samu maki mai kyau, alhali da azahar ba ta iya gama karanta wasiƙa ɗaya a ofis, kuma barcin dare bai warware mata komai. A gida a ce lalaci ne.

Sai da aka tambayi masu cutar da kansu lamarin ya sauya. Wani bincike a Amurka a 1984 ya ji ta bakin mutum 656, kashi 78 cikin ɗari suka ce gajiya na damunsu. A 1989 Lauren Krupp da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin tsananin gajiya mai tambayoyi 9, wanda ake amfani da shi har gobe. Da aka samu abin awo, sai wani abin mamaki ya fito: yawan tabon cutar da ake gani a hoton ƙwaƙwalwa bai cika tafiya daidai da tsananin gajiya ba.

Daga nan aka kasa sanadin gida biyu. Akwai na cutar kanta. Hotunan ƙwaƙwalwa a 1997 sun nuna raguwar amfani da sukari a gaban ƙwaƙwalwa da wasu sassa na can ciki ga masu gajiyar, wasu binciken kuma suka nuna ƙwaƙwalwar na gayyato sassa da yawa don aikin da bai taka kara ya karya ba. Sai kuma na gefe, wanda a ganina shi ya fi cancantar likita ya fara bi: tashi fitsari sau da yawa cikin dare, sarƙewar numfashi a barci, ƙafar da ba ta zama wuri ɗaya, ciwon jiki, ciwon damuwa da ke kama kusan rabin masu cutar a tsawon rayuwarsu, ƙarancin jini, da magungunan kansu. Allurar interferon ta maganin MS da aka amince da ita a Amurka a 1993 kan bar mutum da kasala irin ta mura.

Shawarar kwanciya ta fara rushewa a 1996, lokacin da gwajin Jack Petajan a jihar Utah ta Amurka ya nuna motsa jiki na mako 15 ya ƙara wa majinyata ƙarfi da walwala. Yanzu ana cewa a motsa, amma a wuri mai sanyi.

Ƙwayoyi ne suka ba da kunya. Tun 1985 likita Jock Murray na Kanada ya ba da rahoton amfanin amantadine, maganin da asalinsa na mura ne, aka yi ta rubuta shi shekara da shekaru. A 2021 wani gwaji a Amurka ya gwada shi tare da modafinil da methylphenidate, magungunan wartsake mutum, a kan mutum 141. Babu wanda ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage gajiya, sai dai illolinsu sun fi nata yawa.