Yadda Ma'aikatan Makaranta Ke Haɗa Hannu Kan Ɗalibi Mai Buƙata ta Musamman a Saudiyya

Waɗannan tambayoyi ne da Hausawa mazauna Makka, Madina da Jidda suka fi yi idan makaranta ta kira su game da yaro mai larurar ji, ko gani, ko wahalar koyo.

Tambaya: Nauyin yaron yana kan wane ne a makaranta?

Amsa: Yana kan tawaga guda. Akwai mudir, wato shugaban makaranta, da malamin aji, da malamin tarbiyya khassa wanda ya karanci koyar da masu larura, da mai ba ɗalibai shawara. Idan buƙata ta kama, a kan gayyato mai gyaran furuci ko masanin halayya. Ƙa'idojin ilimi na musamman da aka fitar a 2001 sun sanya waliyyin yaro cikin wannan tawaga, wato uba ko uwa suna da kujera a zaman kamar kowa.

Tambaya: Me suke yi idan sun zauna?

Amsa: Suna rubuta wa yaron tsarin karatu nasa shi kaɗai, wanda ake kira khiɗɗa fardiyya: inda ya tsaya yanzu, inda ake so ya kai, da wanda zai yi kowane aiki. A ɗauki yaro mai ƙarancin ji a aji uku. Da safe, kafin a tashi daga layin ɗabur, wato taron ɗalibai kafin shiga aji, wani zai duba ko batirin na'urar kunnensa yana aiki. Malamin aji zai zaunar da shi a sahun gaba, ya kuma daina magana yana fuskantar allo, domin yaron yana karanta laɓɓansa ne. Malamin ɗakin masadir, inda ake kai yaro na ɗan lokaci don ƙarin darasi, zai karɓi sababbin kalmomin gobe daga malamin aji ya koya masa tun yau. Mai ba da shawara kuwa idonsa yana kan lokacin hutun fusha, wato hutun tsakiyar darussa, inda tsokana ta fi yawa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba abu ne mai tsada ba, amma idan ɗaya ya yi sakaci, wahalar sauran takan tashi a banza.

Tambaya: Yarona Hausa yake ji a gida. Za a iya ɗaukar rauninsa a Larabci a matsayin larura?

Amsa: Yana iya faruwa, kuma wannan ne ya fi damuna, domin yaron da bai daɗe da zuwa ba zai iya yin shiru a aji har a zata bai fahimta, alhali a gida bakinsa ba ya hutawa. Iyaye ne kaɗai za su warware wannan. Ku faɗa wa tawagar wane harshe yake ji, yaushe ya fara magana, ko yana bin umarni idan an yi masa da Hausa. Ɓoye harshen gida don kunya cutar da yaron ne.

Tambaya: Makarantu na musamman suna nan har yanzu?

Amsa: Suna nan. Ma'ahadin Nur na makafi ya buɗe a Riyad a 1960, ma'ahadin Amal na kurame ya biyo baya a 1964. Sai dai yanzu an fi karkata ga damji, wato sanya yaro cikin makarantar gama-gari tare da tsaransa.

Tambaya: A ina haɗin kan ya fi samun tsaiko?

Amsa: A lokacin sauyi, musamman idan yaro ya tashi daga ibtida'i zuwa mutawassiɗ, wato daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, fayil ya tafi amma sanin da tsohon malami ya yi masa bai bi shi ba. Ku riƙe kwafin tsarinsa a gida, ku nemi ganin sabon malamin tun makon farko.