Koyar da Waƙa da Tatsuniya a Makarantun Rasha

Koyar da rubutacciyar waƙa da tatsuniya ɓangare ne na darasin adabi da kowane ɗalibi a Rasha yake bi tun daga aji ɗaya har zuwa aji goma sha ɗaya, inda sakandare ke ƙarewa. A azuzuwan firamare huɗu ana kiran darasin "karatun adabi", daga aji biyar kuma sai ya zama "adabi" kawai. Ginshiƙin tsarin shi ne kunne da baki su riga alƙalami. Yaro yakan fara jin waƙar daga bakin malamarsa, ya karanta ta da murya, ya haddace ta, sannan daga baya a koya masa sunayen abubuwan da kunnensa ya riga ya gane.

Asalin tsarin

A farkon ƙarni na 19 'ya'yan manyan Rasha da yawa sun fi iya Faransanci a rubuce fiye da harshen iyayensu. Malamai irin su Fyodor Buslayev, wanda ya fitar da littafi kan koyar da harshen gida a 1844, su ne suka matsa a mayar da Rashanci da adabinsa tsakiyar karatu. Wanda ya kai abin ga ƙananan yara shi ne Konstantin Ushinski. Littafinsa na 1864, Rodnoye Slovo, wato "Harshen Gida", ya haɗa tatsuniyoyi da karin magana da kacici-kacici da gajerun waƙoƙi wuri guda, kuma an yi ta sake buga shi shekara da shekaru. Ushinski yana ganin tatsuniya a matsayin makarantar farko da talakawa suka ƙago wa 'ya'yansu tun kafin a san allo da benci. A daidai lokacin ne Aleksandar Afanasyev ya buga tatsuniyoyin gargajiya kusan 600 a juzu'i takwas, daga 1855 zuwa 1863, malamai suka sami rumbun da za su riƙa ɗiba. Shi ma Lev Tolstoy, wanda ya buɗe wa 'ya'yan manoma makaranta a gidansa na Yasnaya Polyana, ya fitar da littafin koyon karatu a 1872.

Tatsuniya ta sha wuya bayan juyin juya hali na 1917. A shekarun 1920 wasu masana tarbiyya na Tarayyar Sobiyet sun ce labaran sarakuna da aljanu da dabbobi masu magana suna gurɓata tunanin yaro, ana so ya san injin da gona. A 1928 Nadezhda Krupskaya, matar Lenin, ta soki wata tatsuniyar waƙa ta marubucin yara Kornei Chukovski a jaridar Pravda. Chukovski ya tsaya kan cewa yaron da aka hana shi tatsuniya zai ƙaga tasa da kansa. Zuwa 1934, a babban taron marubutan Sobiyet na farko, marubuci Maksim Gorki ya fito fili ya yaba wa adabin baka, iska ta juya. Bikin cika shekara 100 da rasuwar mawaƙi Aleksandar Pushkin, wanda aka yi a 1937, ya ƙara kafa shi a tsakiyar manhaja, kuma har yau bai gusa ba.

Pushkin, ƙofar shiga

Aleksandar Pushkin, wanda aka haifa a Mosko a 1799 ya rasu a 1837 sakamakon harbin da ya samu a fito-na-fito, shi ne mawaƙin da yaron Rasha yake fara sani. Kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, ɗan Afirka ne da aka kai fadar sarki Bitrus Mai Girma yana yaro, ya tashi ya zama injiniyan soja mai muƙamin janar. An daɗe ana cewa daga Habasha ya fito, sai a 1996 masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjar cewa garinsu Logone-Birni ne, a arewacin Kamaru, kudu da Tafkin Chadi.

A aji, abin da aka fi ba wa yara labari shi ne mai renonsa, Arina Rodionovna. Lokacin da hukuma ta tsare Pushkin a ƙauyen Mikhailovskoye daga 1824 zuwa 1826, wannan tsohuwa ce take ɗebe masa kewa da dare da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubuta su. Ya rubuta wa ƙaninsa cewa kowace ɗaya daga cikinsu waƙa ce sukutum. Daga baya ya tsara nasa tatsuniyoyin a waƙe: ta limamin coci da baransa Balda a 1830, ta Sarki Saltan a 1831, ta masunci da kifanya da ta matacciyar gimbiya da jarumai bakwai a 1833, sai ta zakaran zinariya a 1834. Akwai hikima wajen fara wa yara da labarin mai reno. Yaro yana fahimtar cewa babban mawaƙin ƙasa ma a gaban tsohuwa ya zauna ya saurara, kamar yadda shi yake zama gaban kakarsa.

Tatsuniyar masunci, wadda galibi ake karantawa a aji biyu, tana nuna yadda darasin yake tafiya. Tsoho da tsohuwa sun shekara talatin da uku a bakin teku. Ya jefa taru sau uku, a na uku ya kamo kifanyar zinariya mai magana, ta roƙe shi, ya sake ta bai nemi komai ba. Matar ta yi masa tas, ta kora shi ya roƙo sabon komin wanki, don nasu ya tsage. Daga komi sai gida, daga gida sai zama matar gidan sarauta, daga nan sai zama sarauniya, a ƙarshe ta ce ita sarautar teku take so, kifanyar ta zama 'yar aikenta. Malama ba ta fara tambaya da "mene ne darasin labarin". Takan ce yara su nemo da fensir abin da aka faɗa game da teku duk lokacin da tsohon ya koma. A zuwan farko ruwan ya ɗan motsa, a na biyu ya gurɓace, a na uku ya ƙi kwanciya, a na huɗu ya yi baƙi, a na biyar guguwa ta taso. Yara 'yan shekara takwas su jera waɗannan a kan allo, wani ya ɗaga hannu ya ce ai tekun fushi yake yi. Ke nan ya gano mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum, da kansa, ya ga yadda mawaƙi ke sa yanayi ya faɗi abin da shi bai faɗa ba, tun kafin a ba shi sunan dabarar. Ƙarshen labarin, inda tsohuwa ta koma gaban tsagaggen kominta, ya zama karin magana a Rashanci, wanda ake yi wa duk wanda kwaɗayi ya kai ya baro.

Tatsuniyar gargajiya a aji biyar

A aji biyar nazari na gaske yake farawa. Ana raba tatsuniyoyi gida uku: na al'ajabi, na dabbobi, da na zaman yau da kullum. Ana nuna wa ɗalibi cewa tatsuniya tana da mabuɗi da marufi. Mabuɗin da aka fi sani shi ne "zhili-bili", wato an yi wasu suna zaune, ko kuma "a wata masarauta, a wata ƙasa". A marufi kuwa mai ba da labari yakan ce shi ma ya halarci bikin, an ba shi abin sha, ya zubo ta gashin baki amma bai shiga baki ba. Bahaushen da ya tashi da "ga ta nan, ga ta nanku" da "ƙurunƙus" ba ya buƙatar dogon bayani kan aikin waɗannan kalmomi.

Misalin da aka saba ɗauka shi ne labarin gimbiya kwaɗo. 'Ya'yan sarki uku sun harba kibau don neman mata, ta ƙaraminsu Ivan ta faɗa fadama, kwaɗo ta ɗauka. Ya aure ta, ashe Vasilisa Mai Hikima ce aka yi wa sihiri. Da ya yi gaggawa ya ƙone fatar kwaɗon, sai ta ɓace zuwa hannun Koshchei Marar Mutuwa, wanda ajalinsa ke kan tsinin allura, allurar cikin ƙwai, ƙwan cikin agwagwa, agwagwar cikin zomo, zomon cikin akwati a kan itace. Ɗalibai sukan ƙirga abubuwan da suka zo uku-uku, su tattara siffofin da ba sa rabuwa da sunayensu, kamar "kyakkyawar budurwa" da "nagarin saurayi", su bi dabbobin da Ivan ya tausaya wa a hanya su ga yadda kowace ta rama masa alheri. Inuwar masanin tatsuniya Vladimir Propp tana bayan wannan aiki. A littafinsa na 1928 ya nazarci tatsuniyoyi 100 na Afanasyev, ya nuna cewa duk da sauyin sunaye, ayyuka 31 ne suke maimaituwa a jere guda: hani, karya hani, rashi, fita nema, haɗuwa da mai ba da kyautar sihiri, har zuwa aure. Ba a ɗora wa ɗan shekara goma sha ɗaya jerin duka, amma ana sa shi ya zana hanyar jarumi daga gida zuwa dawowa.

Labaran dabbobi na Ivan Krilov, wanda ya rayu daga 1769 zuwa 1844 ya bar sama da 200, su ma suna nan. Ana karanta su ne a raba murya: wannan ya zama hankaka mai cuku a baki, wancan ya zama yanyawa mai daɗin baki. Na kyarkecin da ya faɗa ɗakin karnuka, wanda ya rubuta a 1812, ana haɗa shi da tarihin mamayar Napoleon.

Hadda, kari da amsa-amo

Hadda ita ce ƙashin bayan koyar da waƙa. Ana ba ɗalibi waƙa ya tafi da ita gida, ya dawo ya tsaya gaban allo ya kawo ta da ka, a ba shi maki a ma'aunin da ƙololuwarsa biyar ce. Kawo kalmomi daidai bai isa ba. Akwai abin da suke kira karatu mai bayyana ma'ana, inda yaro ke sa alama a takardarsa wurin da zai ɗan tsaya, da kalmar da zai danna, da inda murya za ta hau ko ta sauka. Da wuya a sami babba a Rasha da ba zai iya kawo farkon waƙar Pushkin "Ruslan da Lyudmila" ba, inda masanin muzuru yake zagaya itace a kan sarƙar zinariya, in ya yi dama ya rera waƙa, in ya yi hagu ya ba da tatsuniya. Haka nan "Safiyar Hunturu" ta Pushkin ta 1829, da "Borodino" ta Mikhail Lermontov ta 1837, wadda hira ce tsakanin matashin soja da tsohon da ya ga yaƙin 1812, da waƙar Fyodor Tyutchev kan tsawar farkon watan Mayu, da ta Sergei Yesenin ta 1913 kan itacen beryoza da dusar ƙanƙara ta lulluɓe.

Karin waƙar Rasha ya sha bamban da na rubutacciyar waƙar Hausa. Mu muna auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, su kuwa suna ƙirga gaɓar da ake dannawa da murya da wadda ba a dannawa, tsarin da Vasili Trediakovski da Mikhail Lomonosov suka kafa a 1735 da 1739. Ƙafafu biyar, wato ƙananan jerin gaɓoɓi da ke maimaituwa a ɗango, ake koyarwa, kuma malamai suna da dabara mai daɗi ta tuna su da suna ɗaya da sigoginsa. Vanya, da dannawa a gaɓar farko, shi ne horei. Ivan, da dannawa a ta biyu, shi ne yamb. A masu gaɓa uku, Vanechka, da dannawa a ta farko, daktil ne, Vanyusha, a ta tsakiya, amfibrahi, Ioann kuma, a ta ƙarshe, anapest. Yara su yi ta tafi ko buga benci har sai ƙafar ta zauna. Amsa-amo ma yana da jinsi: namiji ne in dannawa ta faɗa gaɓar ƙarshe ta ɗango, mace ce in ta faɗa wadda ke kafin ta. Sannan a duba jerinsa a baiti, ko ɗango biyu a jere, ko a tsallake, ko na farko da na huɗu su rungume na tsakiya.

A manyan azuzuwa ana zurfafawa. Ana nuna baiti mai ɗango 14 da Pushkin ya gina dogon labarinsa na waƙa "Yevgeni Onegin" da shi, ana kuma ba ɗalibai wata waƙar Afanasi Fet ta 1850 a ce su nemo aikatau a ciki. Babu ko ɗaya, amma dare yana tafiya a cikinta har alfijir ya keto. Darasi ɗaya irin wannan ya fi shafi goma na bayani kan salo.

Zane da kiɗa suna taimakawa. Littattafan karatu cike suke da hotunan da masu zane Viktor Vasnetsov da Ivan Bilibin suka zana, kuma akan sa wa yara kiɗan da Rimski-Korsakov ya tsara a kan tatsuniyar Sarki Saltan, wanda aka fara nunawa a 1900.

Inda ake ja-in-ja

Jarrabawa ta sauya abubuwa. Tun 2009 jarrabawar ƙasa ta bai-ɗaya, EGE, ta zama hanyar kammala sakandare, adabi kuma zaɓi ne a cikinta. A 2014 an dawo da rubutun insha'i na ƙarshe a matsayin sharaɗin shiga jarrabawar. Kukan malamai da iyaye shi ne nazari yakan koma cike gurbi: shekarar rubutu, jigo, kari, adon harshe, a jera a wuce. Ga kuma shafukan intanet da ke ba da taƙaitattun labarai da amsoshin aikin gida a shirye. Kukan yana da tushe, domin ɗalibin da ya iya cewa waƙa yamb ce alhali bai taɓa jin ta a bakinsa ba, sunan kawai ya riƙe.

Matsala ta biyu ita ce tsufan kalmomi. A wani baitin "Onegin" da ake haddacewa a ƙananan azuzuwa, manomi ya fito da keken dusar ƙanƙara, direban keken doki yana zaune a gefen gaba cikin rigar fatar tumaki da jar ɗamara. Kalmomin kibitka (keken) da yamshchik (direban) da obluchok (mazauninsa) da kushak (ɗamarar) duk sun fita daga bakin ɗan birni, kuma yaro yakan ɗauka kibitka wata tsuntsuwa ce tunda an ce tana tashi. Shi ya sa malamai da dama suke buɗe darasin da hoton keken da dokinsa, su nuna mazaunin direba da yatsa, kafin kowa ya buɗe littafi.