Ɗaurin Ɗankwali

Ɗankwali, wanda kuma ake kira kallabi, ƙyalle ne da ake ɗaurawa ko naɗawa a kai domin rufe gashi, ko dai dukkansa ko wani sashe nasa. Mata ne suka fi amfani da shi, kuma dalilan sa shi suna da yawa: bin umarnin addini, ado, kare gashi daga ƙura da rana da sanyi, tsare shi daga injina a wurin aiki, ko rufe kan da rashin lafiya ya zubar wa gashi. Salon ɗauri a duniya ba ya ƙirguwa, amma idan aka duba da kyau kusan dukkansa yana komawa ga hanyoyi uku, wato ƙullawa, da naɗawa a soke bakin, da yafawa a riƙe da fil. Abin da ke zaɓar wa mace ɗaya daga cikinsu, tun kafin a zo maganar gwaninta, shi ne girman ƙyallen da irin saƙarsa.

Siffar ƙyalle da girmansa

Ɗankwali yakan zo da siffa biyu, murabba'i wanda tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, da kuma mai tsawo. Murabba'in da aka fi sani shi ne mai santimita 90 a kowane gefe, girman da kamfanin Hermès na Faransa, wanda ya fara fitar da kallabinsa na siliki a 1937, ya yi suna da shi. Akan ninke irin wannan daga kusurwa zuwa kusurwa ya koma mai kusurwa uku, kuma wannan ninkin yana da amfani biyu. Na farko shi ne tsawo, domin layin ninkin yana kai wa kimanin santimita 127, alhali kewayen kan babbar mace bai cika wuce santimita 55 da 'yan kai ba, sai a sami rarar kusan santimita 70 ta yin ƙulli ko ta sake zagaye wuya. Ƙaramin kallabi mai santimita 55 kuwa, ninkinsa bai wuce santimita 78 ba, shi ya sa ɗan guntun ƙulli kawai yake bayarwa. Amfani na biyu ya danganci saƙa. Yadi ba ya miƙewa sosai idan aka ja shi ta bin zaren tsaye ko na kwance, amma idan aka ja shi a karkace yakan ɗan bayar, kuma wannan 'yar miƙewar ce take sa bakin kallabin ya kwanta a goshi ya kama kai ba tare da an matse shi ba. Mai tsawo, wanda yawanci yakan kai santimita 180 da faɗin kamar 70, shi ne na naɗi da yafawa.

Auduga tana da kaushin da ke riƙe kanta, tana shan gumi, kuma ita ce mafi sauƙi ga mai koyo. Siliki da satin suna da sheƙi da taushi, amma santsinsu yakan sa ƙulli ya warware, ɗaurin ya zame baya. Shifon yana zubowa da kyau a kafaɗa, sai dai shara-shara ne kuma ba ya zama sai da fil. Yadi mai miƙewa irin na rigar sanyi yana zama ko babu fil, ga shi kuma da nauyi da zafi. Yadi mai tauri, ko wanda aka sa wa sitati, shi kaɗai ne ke iya tsayawa sama da kansa. Saboda santsi ne ake sa 'yar hular ciki ta auduga, ko ɗamarar karan-miski a gaban goshi, kafin a ɗora kallabin.

Ƙullawa

A wannan hanya, wurin da ƙullin ya zauna shi ne ke ba salon kamanninsa. Ɗaurin ƙeya shi ne mafi yaɗuwa: a ɗora ninkin a goshi, a bi da bakunan biyu ta saman kunnuwa ko a rufe su, a ƙulla a ƙeya bisa kusurwar da ta sauko, sannan a bar kusurwar tana lilo ko a tura ta ƙarƙashin ƙullin. Ɗaurin haɓa kuwa, a nan ake kawo bakunan gaba a ƙulla ƙarƙashin haɓa, kamar yadda matan karkara na Rasha da Gabashin Turai suka daɗe suna yi, kuma haka marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila takan ɗaura idan ta fita kallon dawaki. Akwai wani reshe nasa da aka danganta da 'yar fim Grace Kelly, inda ake gitta bakunan a ƙarƙashin haɓa, a zagaya da su wuya, a ƙulla a baya. Ya fi ɗaurin haɓa na asali jure iska.

Ɗaurin goshi juyin na ƙeya ne. Ninkin ake sawa a ƙeya, kusurwar ta hau tsakar kai ta sauko gaba, a ƙulla bakunan a kanta sama da goshi, a naɗe kusurwar a soke. Shi ne ɗaurin matan da suka shiga masana'antun Amurka da Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin yana tattare gashi duka ba ya barin abin da inji zai kama.

Ƙullin kansa yana da ƙa'idar da mutane da dama ba su lura da ita ba. Idan a karon farko bakin dama ne ya hau kan na hagu, to a karo na biyu na hagu ne ya kamata ya hau kan na dama. Ƙullin da aka yi haka yakan kwanta a miƙe ya riƙe, wanda kuwa aka maimaita hannu ɗaya sau biyu yakan karkace ya saki, musamman a siliki. Sau da yawa ana ɗora wa yadi laifin zamewa alhali ƙullin ne bai yi daidai ba.

Naɗi

Naɗi ba ya dogara da ƙulli, kaushin yadi da matsin zagaye ne ke riƙe shi. Akan sa tsakiyar ƙyalle mai tsawo a ƙeya, a kawo bakunan gaba a gitta su, a murɗe su tare ko kowanne daban kamar igiya, sannan a naɗe murɗin ya zama dunƙule a gaba ko a zagaya da shi kai kamar kambi, a soke ƙarshen a cikin ninki. Idan ana son tudu, akan tara gashi a tsakar kai ko a sa wani ƙyallen a ciki ya zama ginshiƙi.

A Afirka ne wannan hanya ta kai matuƙa. Gele na Yarbawa, wato gwaggwaro, ana yin sa da ashoke ko wani yadi mai tauri, a jera ninki siri-siri a gaban goshi ɗaya bisa ɗaya, a gitta bakunan a baya, a ɗaure, sannan a buɗe ragowar sama kamar mafici. Aikin yana da wuyar da har ya zama sana'a, kuma a 'yan shekarun nan an fito da wanda aka riga aka ɗinka ninkinsa, sai dai a kifa a kai a ɗaure ta baya. Wannan ya sauƙaƙa abin ƙwarai, ko da yake wanda aka naɗa a kan mai shi ya fi bin siffar fuskarta. A Gana ana kiran ɗankwali duku, a Afirka ta Kudu doek, matan Herero na Namibiya kuwa suna naɗa nasu ya fito da ƙaho biyu a kwance, don girmama shanun da rayuwarsu ta ginu a kansu.

Yafawa da fil

Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa a ɗaurin hijabi, inda ake son rufe gashi da kunnuwa da wuya, sau da yawa har da ƙirji. Da mai tsawo, akan ɗora shi a kai gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a haɗa su da fil ƙarƙashin haɓa, a ɗauki dogon gefen a zagaya da shi ta bayan kai ko bisa tsakar kai, a maƙale shi kusa da kunne. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf akan naɗa shi sako-sako a soke bakin kusa da kunci. Matan Turkiyya sun fi son murabba'in siliki ko satin, a ninke, a maƙale ƙarƙashin haɓa, a ɗaure bakunan a bayan wuya, gaban kuma a ɗan tayar da shi ya yi tsini a saman goshi. A Maleshiya da Indonesiya ma murabba'i ya yi ƙarfi, tare da wanda aka ɗinka da 'yar rumfa a gaba wanda zura shi kawai ake yi. Inda bakin ƙyallen ya tsaya yana canza kamannin fuska: idan ya sauko goshi yakan rage tsawonta, idan ya rufo kumatu yakan rage faɗinta.

Ma'ana da doka

Tun fiye da shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dokokin Assuriyawa, mutanen wata tsohuwar daula a yankin Iraƙi ta yau, sun wajabta wa matan aure lulluɓi a waje, suka kuma haramta shi ga bayi mata. A Alƙur'ani, aya ta 31 ta Suratun Nur ta umarci mata muminai su sauko da mayafansu a kan wuyan rigunansu. Matan aure na Yahudawa masu riƙo da addini suna ɗaura abin da suke kira tichel, wasu majami'u kuma suna kafa hujja da babi na 11 na Korintiyawa ta Fari a Littafi Mai Tsarki wajen rufe kai a lokacin ibada.

A 1786 gwamnan Sifaniya a Luwiziyana (wadda yanzu take cikin Amurka), Esteban Miró, ya tilasta wa mata masu jinin Afirka rufe gashinsu da ƙyallen da ake kira tignon, da nufin ƙasƙantar da su, sai matan suka riƙa zaɓen yadi masu tsada suna ƙawata ɗaurin har ya zama abin sha'awa. A tsibiran Matinik da Gwadalup na yankin Karibiyan, yawan tsinin da aka fitar a ɗaurin yana ba da labarin mai shi, inda tsini ɗaya ke nuna ba ta da kowa, uku kuma matar aure ce. Hukumomi ba su daina sa baki ba har a zamanin nan. Sarki Reza Shah ya hana lulluɓi a Iran a 1936, bayan juyin juya halin 1979 kuma aka wajabta shi, yayin da Faransa ta hana sa shi a makarantun gwamnati da dokar 2004.

Lafiya da kariya

Ɗauri mai tsauri a wuri ɗaya kullum, musamman a kan kitso ko gashin da aka ja aka tamke, yana cinye gashin gaban goshi sannu a hankali, kuma idan abin ya daɗe gashin ba ya sake tsirowa. Ciwon kai da shatin da ke fitowa a goshi alamu ne na cewa matsin ya yi yawa. Rufe gashi da danshinsa yana jawo ƙaiƙayi da amosani. Auduga takan shanye man gashi, shi ya sa masu kula da gashi suka fi son siliki ko satin a ɗaurin barci.

Haɗarin da ya fi tsanani shi ne riƙe fil a leɓe yayin da hannuwa ke gyara ɗauri. Dariya ko tari ko magana na iya sa a shaƙe shi ya wuce hanyar numfashi, kuma likitoci a Turkiyya da Masar sun rubuta rahotanni da dama a kan 'yan matan da sai da aka zura na'ura a huhunsu kafin a ciro shi. Fil mai makulli da maɓallin maganaɗisu sun rage wannan matsala, na biyun ma ba ya huda yadi, amma shi ma dole a nisanta shi daga ƙananan yara saboda haɗarin haɗiyewa. Bakin da ke lilo yana iya kama wuta a murhu ko ya shiga ƙafar babur. Dogon gyale ne ya naɗe a ƙafar mota ya kashe shahararriyar 'yar rawa Isadora Duncan a birnin Nis na Faransa a 1927.

Irin wannan fargaba ce aka kafa hujja da ita shekaru ana hana sa kallabi a filin ƙwallon ƙafa, har aka ƙera na wasanni da yadi mara nauyi, ba fil, ba ƙulli, wanda ke manne da kai. Masu tsara dokokin wasan sun amince da shi a 2014, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga Gasar Cin Kofin Duniya ta manyan mata sanye da hijabi.