Kamkoda: yadda ɗaukar bidiyo ta dawo hannun kowa

Kamkoda ita ce kyamarar da ke ɗaukar hoto da sauti ta kuma naɗe su a cikinta, ba sai an jona ta da wata na'ura ba. A da kyamara daban take, rikoda daban.

Rikodar bidiyo da kamfanin Ampex na Amurka ya fitar a 1956 zarenta faɗin inci biyu ne, kuɗinta kuwa wajen dala 50,000, don haka sai gidajen talabijin. A 1967 Sony ya kawo Portapak: kyamara a hannu, rikoda rataye a kafaɗa, zaren rabin inci mai ɗaukar kamar minti 20, hoto baƙi da fari. Nauyi gare ta, amma mutum ɗaya na iya fita da ita, kuma ya kalli abin da ya ɗauka ba tare da jiran wankin fim ba. Wannan ne ya ja masu fasaha irin su Nam June Paik, ɗan Koriya, da Bruce Nauman suka mai da bidiyo abin baje koli kamar zane.

Sai a 1983 Betamovie ta kamfanin Sony ta haɗe kyamara da rikoda wuri guda don amfanin gida. Arhar kayan VHS, wato kaset ɗin bidiyo na gida, ce ta buɗe wa 'yan wasan Kano ƙofa, har aka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990. Matsalar kaset ita ce duk kwafin da aka yi daga wani kwafi sai ya dusashe, launi ya zube, sauti ya riƙa shuu. MiniDV, ƙaramar kaset ta dijital da ta fito a 1995, ta magance wannan, domin bayanan dijital ba sa raguwa wajen kwafa.

Yanzu waya ce kamkodar yawancin mutane, kuma kuskuren da aka fi yi ba na hoto ba ne, na sauti ne. Makirufon waya yana kwasar janareto da iska. A maƙala ƙaramin makirufo a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya daga baki. In hoto na ƙyafta-ƙyafta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, saitin ne: wutar Najeriya da Nijar 50 hatz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a kan firam 30, wato hoto 30 a daƙiƙa. A mayar 25 ko 50, in wayar ta yarda. Ɗaukar 4K kuwa, wato hoto mai matuƙar kaifi, tana cinye ma'ajiya tana zafafa waya. Aikin da zai ƙare a WhatsApp, saitin 1080 da ke ƙasa da 4K ya wadatar.