Waiwaye: Yadda zaren DNA ya zama ma'aunin ƙarfin ƙwayar halitta

Masunci a fadamar Haɗejiya yana gane ƙarfin kifi tun bai gan shi ba. In ya tsinke siririn zaren fatsa, ya kasa tsinke mai kauri, to an san iyakarsa. Da irin wannan dabara masana ke auna ƙarfin ƙwayoyin halittar jikinmu, wato ƙananan tubalan da suka gina jiki, a yau, sai dai zarensu DNA ne, sinadarin nan mai ɗauke da bayanan gado.

A 1980 ne Albert Harris, a Amurka, ya ɗora ƙwayoyin halitta a kan wata siririyar roba, sai ga roba ta yamutse. Ashe ja suke yi. To, ja nawa? Nan gizo yake saƙar, don a kan kowace mahaɗar da ƙwaya ke riƙe abu da ita, da fikonyutan ake auna ƙarfin: ka kasa nauyin giram 100 gida tiriliyan, ka ɗauki kashi ɗaya. Sikelin awon riɗi a kasuwar Maigatari ba shi da ta cewa a nan.

Amsar ta fito ne daga wani gefe. Tun 1953 aka san DNA igiya ce mai tufka biyu. A 1982 Nadrian Seeman ya kawo shawarar a yi gini da ita, a 2006 kuma Paul Rothemund ya nannaɗe ta zuwa siffofi iri-iri, har da fuska mai murmushi.

Inda abin ya fi burge ni shi ne 2013, lokacin da Xuefeng Wang da Taekjip Ha na Jami'ar Ilinoi suka mai da tufkar tarko. Duk wanda ya taɓa tufka igiyar rama ya sani: in ka kama silin biyu ta baki ɗaya ka buɗa, nan da nan take warwarewa, amma in ka ja ta tsaye sai ka yi gumi. Haka DNA take. Buɗawa na cin kusan fikonyutan 12, jan tsaye fiye da 50. Suka jera zarurruka masu ƙarfi daban-daban, suka ga wanda ƙwaya ta iya ɓallewa, suka gano tana jan kusan 40 a kan kowace mahaɗa yayin da take manne wa abu.

Bayan shekara guda, ɗakin binciken Khalid Salaita a Jami'ar Emory ya fito da lanƙwasasshen zare mai haske idan an ja shi, ya koma yadda yake in an saki. Da shi aka auna ƙwayoyin garkuwar jiki, da masu tsayar da jini idan wanzami ya yi tsaga. Yawancin awon dai har yanzu a kan gilashi ake yi, ba cikin jikin mutum ba.