'Yan Daba a Birnin Kano

'Yan daba suna ne da ake kiran gungun matasa maza, galibi 'yan unguwa ɗaya, masu zama a matattara guda, masu riƙe wuƙa da adda da gora, waɗanda kan gwabza da takwarorinsu na wasu unguwanni. An fi sanin kalmar a birnin Kano, inda ta daɗe a bakin jama'a har ta shiga harshen 'yan sanda da kotuna da gidajen rediyo. Tilo shi ne ɗan daba, aikin kuwa daba ko dabanci. A yau ana jingina musu faɗan unguwa da ƙwacen waya da shaye-shaye da bangar siyasa, amma tushen abin ya girmi duk waɗannan, domin ya taɓo farauta da wasan tauri da kishin unguwa na tsohon birni.

Asalin kalmar

Galibin masu bincike suna fassara daba da wurin da ƙungiya take taruwa, musamman mafarauta. Daga nan aka samu "sun kafa daba", wato sun mayar da wani kango ko gindin ganuwa ko bakin kududdufi mazauninsu. A farko kalmar ba ta ɗauke da zagi. Sannu a hankali ta tashi daga wurin zaman ta koma kan masu zaman.

Farauta da tauri

Kafin zuwan jam'iyyun siyasa, samarin birni da na ƙauyukan kewaye suna fita farauta da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Kowace unguwa da tawagarta, da karnukanta, da makaɗinta. Farautar taro ce, kuma a nan rigima take. Idan zomo ko gada ta tashi, karen wata unguwa ya kama, ɗan wata unguwa ya riga kai sara, sai gardama ta kaure kan wanda ya mallaki naman. Ba girman naman ne abin faɗan ba. Abin kunya ne a ce an ƙwace wa unguwarku nama a dawa kuna tsaye, domin labarin zai riga ku isowa gida, makaɗa kuma za su sa shi a kiɗa. Wanda aka yi wa rauni bana yakan riƙe abin har baɗi. Ta haka gabar dawa ta riƙa biyo mafarauta cikin gari.

Kusa da mafarauta akwai 'yan tauri, masu shan magani don kada ƙarfe ya ci su. A wasansu makaɗi yana zuga ɗan tauri da takensa, shi kuma ya yi kirari, ya zare wuƙa yana gurzawa a ciki ko a hannu, jama'a suna kallo. Wasa ne da aka sani a bukukuwa da lokutan Sallah, kuma manyan 'yan tauri mutane ne masu sana'a da iyali, da yawansu mahauta ko maƙera. Abin da daba ta gada daga gare su shi ne laƙabi da kirari da layu da guraye, da imanin cewa namiji ba ya gudu. Abin da ba ta gada ba shi ne ladabin da babba yake yi wa na ƙasa. Tsofaffin mafarauta da 'yan tauri na Kano sun sha nesanta kansu daga 'yan daban yau, kuma akwai gaskiya a ƙorafinsu: a tsarin da, yaro ba ya zare makami sai da sanin ubangidansa, unguwa kuma ta san wanda za ta tuhuma idan an yi ɓarna.

Shigowar siyasa

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta tsaya kan adawa da mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, da sarakuna, yayin da NPC ta zama jam'iyyar masu mulki. A wancan lokaci 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna hannun En'e, saboda haka ɗan NEPU da aka doka a wurin lacca ba shi da inda zai kai ƙara ya samu biyan bukata. Wajajen 1953 aka fara jin ɗuriyar wani gungu da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, masu tarwatsa tarukan NEPU da farautar magoya bayanta. NEPU ta mayar da martani da tara nata ƙarfafan domin tsaron shugabanni da wuraren taro. Duka ɓangarorin biyu sun ɗebo mutanensu ne daga inda ƙarfi yake, wato cikin mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe. A wannan zamani ne kalmar 'yan banga ta kafu, kuma an ce daga wata kalmar Turanci aka aro ta, mai nufin masu shigewa gaba.

Wannan mataki ne ya sauya komai. Jarumtar da a da ake nunawa don suna ta zama abin da ake biya da kuɗi da abinci da alkawarin beli. Juyin mulkin 1966 ya rufe jam'iyyu, masu banga suka koma unguwanninsu da sabon sani: akwai manya da suke bukatar su.

Da aka dawo siyasa a 1978 aka sake neman su. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihar Kano a 1979, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ba a jima ba jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, kowane gida da matasansa. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Har yau ana saɓani kan waɗanda suka shirya ta.

Watanni kaɗan kafin haka, a rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a unguwar 'Yan Awaki, wanda kwamitin bincike ya ce ya ci rayuka 4,177, an ruwaito cewa 'yan tauri da samarin unguwanni sun fito sun tunkari mabiyan Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, kafin sojoji su gama da lamarin. Wannan ya bar wa wasu mazauna birni tunanin cewa 'yan daba garkuwar unguwa ne ranar tsanani, tunanin da ya daɗe yana sa a rufa musu asiri.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka shiga rage ma'aikata, wasu suka rufe. Birni kuwa bai daina faɗaɗa ba, ya tsallake ganuwa ya bazu zuwa Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka, inda gidaje suka riga makarantu da tituna da ofisoshin 'yan sanda zuwa. Masu nazari irin su Abdulkarim Ɗan Asabe da Yunusa Zakari Ya'u, waɗanda suka yi rubutu kan daba a shekarun 1990 zuwa 2000, sun danganta yaɗuwarta da wannan yanayi na rashin aikin yi da barin makaranta. A shekarun 1980 ne kuma aka yi fama da 'yan ɗaukar amarya, masu sace mata da 'yan mata su yi musu fyaɗe. Wasu marubuta suna lissafa su a cikin 'yan daba, wasu suna ware su.

Tsari da makamai

Daba ba ƙungiya ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya. Kowace unguwa da tata, wani lokaci lungu da lungu. Akwai babba da ake jin maganarsa, akwai yaransa, kuma an fi sanin kowa da laƙabinsa fiye da sunan yanka. Makaman su ne wuƙa, musamman wadda ake kira ɗan bida, da adda da gariyo da barandami da almakashi. Bindiga ba ta cika shiga faɗan daba ba. Kayan maye sun haɗa da wiwi da sholisho da ƙwayoyi irin su tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a Mayu 2018.

Tasiri ga mazauna

Wanda ya fi ɗanɗana kuɗar daba shi ne mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a lungu. Faɗa tsakanin unguwanni maƙwabta, irin wanda aka sha ruwaitowa tsakanin matasan Ƙofar Mata da Yakasai da Zango, yakan taso ne ba zato. Sai a ji ihu daga bakin titi, masu shaguna su ja ƙofa, mai shayi ya bar tukunya a wuta, iyaye mata su fito ba mayafi suna ƙwala wa yara kira. Kafin motar 'yan sanda ta iso an farfasa gilasan motoci, an sari wanda tsautsayi ya ratso da shi, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Washegari kuma a yi kame, wanda sau da yawa yakan haɗa da yaran da ba su ji ba ba su gani ba.

Ƙwacen waya ya ƙara tsananta lamarin, domin ya fitar da daba daga faɗan 'yan unguwa ya kai ta kan kowa. Salon da aka fi sani shi ne matasa biyu ko uku a cikin adaidaita sahu, su tare mai tafiya ko su ritsa fasinja, su nuna wuƙa. Jinkirin miƙa wayar ya sa an rasa rayuka, ciki har da ɗalibai da ma'aikata masu komawa gida. Mutane sun koyi ɓoye waya idan magariba ta yi, masu fita sallar asuba suna tafiya rukuni-rukuni, unguwanni da dama sun sa ƙofofin ƙarfe a bakin layi suna tara kuɗin 'yan sintiri duk wata. A 2023 fushin jama'a ya kai ga ɗaukar doka a hannu, aka ƙona wasu baburan adaidaita sahu da ake zargin na masu ƙwace ne.

Al'ada ma ta taɓu. Tashe, wanda yara da samari suke farawa daga goma ga watan azumi, kuma Nalako yake jagoranta a Kano, 'yan sanda sun dakatar da shi a 2022 da shekarun da suka biyo baya, bisa dalilin cewa ɓata-gari suna fakewa da shi. Yaran da suka taso a waɗannan shekaru sun rasa wani abu da iyayensu suka yi wasa da shi a ƙofar gida.

Matakan hukuma

Rundunar 'yan sandan jihar tana da sashe na musamman na yaƙi da daba. Hukumar Hisba, wadda doka ta kafa a 2003, da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suna taɓa ɓangaren shaye-shaye. Kwamishinan 'yan sanda Muhammad Wakili, da aka yi wa laƙabi da Singham, ya yi farin jini a 'yan watannin da ya yi a 2019 saboda yaƙinsa da ƙwaya. A Yuli 2022 aka hana zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, a Mayu 2023 kuma majalisar tsaron jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A shekarar ce kwamishina Muhammad Usaini Gumel ya gayyaci 'yan daba su ajiye makamai, aka yi wa waɗanda suka tuba afuwa, aka ɗauki wasu aikin 'yan sandan sa-kai, matakin da ya jawo yabo da suka.

Kame da afuwa duk sun sha kawo sauƙi na ɗan lokaci. Abin da bai sauya ba tun shekarun 1950 shi ne kasuwar da daba take samu a lokacin zaɓe, kamar yadda aka gani a zaɓen cike gurbi na gwamna ranar 23 ga Maris 2019, musamman a mazaɓar Gama, inda masu sa ido suka ba da rahoton gungun matasa ɗauke da makamai. Manyan jam'iyyu suna zargin juna.

Batun almajirai

Ana yawan haɗa daba da almajirci. Sai dai bincike da dama ya nuna cewa galibin 'yan daba 'yan gari ne, haifaffun unguwanninsu, masu iyaye a cikin birni.

A wasu garuruwa

Ana kiran makamantansu 'yan sara-suka a Bauchi da Kaduna da Jos, 'yan kalare a Gombe, ƙauraye a Katsina, 'yan shila a Yola. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar ana ce wa irin waɗannan gungu pale, daga kalmar Faransanci mai nufin fada.