Gano yanayin tsakanin zamunan ƙanƙara daga laka da duwatsu

Tsakanin zamunan ƙanƙara shi ne lokacin ɗumi da ke ratsa dogayen lokutan sanyi a tarihin duniya, yayin da ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka kan narke ta ja baya. A cikin irinsa muke yanzu, tun kimanin shekara 11,700. Wanda ya gabace shi, daga kimanin shekara 129,000 zuwa 116,000 da suka wuce, ana kiransa Emiyan, daga sunan kogin Eem na ƙasar Holan, inda Pieter Harting ya fara bayanin lakarsa a ƙarni na 19.

Ba wanda ya auna zafi ko ruwan sama a wancan zamani, don haka ƙasa ake tambaya. Duk mai haƙar rijiya a Maradi ya san ana wuce rairayi a tarar da yumɓu ko tsakuwa, kuma na ƙasa ya girmi na sama. Wannan shi ne tushen aikin.

Shaida mafi tsawo tana ƙarƙashin teku. Ana zaro laka da dogon bututu, a tsince ɓawon wasu ƙananan halittu, a auna nau'in oksijin mai nauyi da marar nauyi da ke jikinsu. Idan ƙanƙara ta yawaita a doron ƙasa, takan riƙe marar nauyin, sai mai nauyin ya ƙaru a teku da jikin ɓawon, ta haka ake gane yawan ƙanƙarar kowane zamani. A Antatika kuwa, aikin binciken masanan Turai mai suna EPICA ya haƙa ƙanƙara fiye da kilomita 3, ya samo kumfar iskar da ta kai shekara 800,000. Ita ta nuna cewa iskar kabon a Emiyan ba ta wuce kimanin kashi 280 cikin miliyan ba, alhali yau ta haura 420. Ƙurar furanni da ke kwance a gindin tafkuna tana faɗin itatuwan da suka tsiro. Awon shekaru da kabon 14, wani nau'in kabon da ke raguwa a hankali bayan mutuwar halitta, ba ya wuce shekara 50,000, shi ya sa ake komawa ga awon sinadaran yuraniyom da toriyom a murjani da duwatsun kogo.

Abin da aka samu yana da ban mamaki. A Emiyan teku ta fi ta yau tudu da mita 5 zuwa 10, an kuma tono ƙasusuwan dorinar wancan zamani a tsakiyar Landan. Dalilin ɗumin shi ne sauyin kewayen duniya ga rana, wanda ya ƙara wa arewa zafin bazara, ba hayaƙin masana'antu ba, don haka kwatanta shi da ɗumamar yau sai da hattara.

A ɓangarenmu, wannan zafin ya ƙarfafa iskar damana har ruwa ya kutsa Sahara. Abin takaici, iska ta kwashe yawancin lakar tafkunan lokacin. Jigayin yankin Maradi galibi na farin da ya biyo baya ne, kuma maƙabartar Gobero a Tenere ta wani ɗanyen zamani ce da aka yi a cikin lokacin ɗumin da muke ciki yanzu, ba ta Emiyan ba. Mafi kyawun shaidar damanar Emiyan tana gindin Bahar Rum: baƙar laka da ta kwanta sa'ad da kogin Nilu ya yi ta tumbatsa.